Yadda Ake Soya Ɗanyen Kafe a Gida da Yadda Za Ka Gane Ko Suyar Ta Yi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambaya kan suyar ɗanyen kafe ta yi yawa, wani a hanya zai tare ni, wani a majalisar shayi, wani kuma ya ce an kawo mishi tsaraba daga Abijan ko daga Makka ya aje shi cikin leda bai san yadda zai yi da shi ba, to shi ya sa na ga gara in rubuta komai daki daki kowa ya samu. Abu ɗaya nake so ku riƙe tun yanzu, mu nan Maradi mun saba da Nescafé na butiki, sai muka ɗauka duk kafe dole ya yi baƙi ƙirin ya yi ɗaci sai an danne shi da sukari da madara, alhali yawancin ɗacin nan ƙuna ce kawai. Suyar kafe aikin kunne ne da hanci kafin ido, kuma duk aikin wajen minti 15 ne a kan wuta.

1. Sayen ɗanyen kafe

Ɗanyen kafe ba baƙi ba ne, launinshi tsanwa tsanwa ne mai ɗan toka, wani kuma ya ɗan yi rawaya, yana da tauri kamar tsakuwa kuma ƙamshinshi na ciyawa ne. Iri biyu za ka fi haɗuwa da su. Akwai robusta, ƙwararshi ƙarama ce zagayayya, tsagar tsakiyarta miƙaƙƙa, shi ne aka fi nomawa a Kodebuwa da Togo da kudancin Kamaru, ya fi arha kuma sinadarin da ke hana barci a cikinshi ya kusa ninka na ɗayan. Sai arabika, ƙwararshi ta fi tsawo, tsagar ta ɗan lanƙwasa, shi ne na Habasha (Harar, Sidamo, Yirgacefe) da Yaman da Kenya, kuma ana noma shi a tsaunin Mambila cikin jihar Taraba a Najeriya. Arabika ya fi ƙamshi da ɗan zaƙi da tsami mai daɗi, robusta ya fi nauyi da ɗaci.

Ƙasarmu ba ta noman kafe, ba ruwa da sanyin da yake so, don haka duk wanda ka gani shigo da shi aka yi. Ka tambayi masu kayan ƙamshi da kayan shayi a babbar kasuwa, ko ka ba ɗan kasuwa mai zuwa Kano ko Kwatano ko Lome sautu. Farkon saye kar ka wuce rabin kilo, kuma in akwai robusta mai arha ka fara koyo da shi.

Hattara: ka ɗebo cikin tafin hannu ka shinshina kafin ka biya. In ka ji warin fumfuna, ko warin buhu da ya jiƙa, ko warin kalanzir da sabulu, ka bar shi ko da kyauta aka ba ka. Kafe yana shan warin duk abin da aka aje kusa da shi kuma wuta ba ta fidda shi, mai fumfuna kuwa yana iya ɗauke da guba wadda suya ba ta kashe ta duka.

2. Kayan aiki da lissafin kuɗi

Ba sai ka sayi inji ba. Abin da ake bukata kasko mai kaurin gindi, na ƙarfe ko tukunyar dalma wadda ba a taɓa miya a ciki ba, sai muciya ƙarama ko cokalin katako mai dogon hannu, faifai ko gwagwar ƙarfe guda 2, mafici, tsumma mai kauri na kama kasko, agogon waya, da ƙaramin littafi da biro. Sikeli ƙarami na giram yana da amfani ƙwarai, in ba ka da shi ka ari na mai butiki ka auna kafin suya da bayanta. Wuta kuma ko gaz ko murhun gawayi. Gaz ya fi sauƙi ga ɗan koyo tunda kana iya rage wuta nan take, gawayi ya fi arha amma yana son sabo.

Maganar kuɗi kuwa ga abin da mutane ke mantawa, kafe yana ramewa a wuta. Ɗanye yana da ruwa wajen kashi 10 zuwa 12 cikin 100, in ka haɗa da abin da ke ƙonewa sai ka ga ya rage kashi 12 zuwa 20 na nauyinshi. Wato kilo 1 zai dawo giram 800 zuwa 880. A ce misali ka sayi kilo a jika 5, ka cire tsinta ka cire ramar wuta, soyayyen kilo ya tashi maka wajen jika 6 kenan, ban da gawayi. Kofi ɗaya yana cin giram 10, ka ga kilo na ɗanye zai ba ka kofi 80 da ɗoriya. Duk mai niyyar soyawa ya sayar ya yi lissafinshi da nauyin bayan wuta.

Hattara: kasko mara kauri irin na suyar ƙwai shi ne ke ɓata aikin mutane da yawa, wuri ɗaya ya yi ja wuri ɗaya sanyi. Mai baƙin shafe na hana kamu kuma kar ka ɗora shi ba ruwa ba mai a wuta mai ƙarfi, shafen yana lalacewa ya yi hayaƙi mara kyau.

3. Tsinta

Ka baza shi a faifai cikin haske ka zauna ka tsince. Ka fidda tsakuwa da ƙirare, ka fidda baƙaƙen ƙwarori, da waɗanda ƙwari suka huda, da ɓararru, da waɗanda suka yamutse suka yi fari fat. Baƙar ƙwara ɗaya tana iya ɓata kofi guda da wari, ɓararrun kuma su ke fara ƙonewa kafin sauran su nuna. In ka ga girman ya bambanta sosai ka ware manya daban ƙanana daban ka soya kowane shi kaɗai.

Wasu suna wanke shi kafin suya, a Habasha ma haka mata ke yi. Ni in ba ƙura ya yi ba ba na wankewa, in kuma ya yi ƙura sai a ɗauraye da sauri a tsane a goge da tsumma mai tsabta a ɗora a lokacin. Kar a jiƙa shi kuma kar a bar shi ya kwana da danshi.

4. Shirya wuri da wuta

A tsakar gida ake wannan aiki ko a madafa mai buɗaɗɗen sama, don hayaƙin yana da yawa kuma ɓawon kafe mai kama da ƙaiƙayi yana tashi ya watsu ko'ina. Ka nemi lungun da iska ba ta kaɗawa, musamman lokacin hunturu, iska tana kwashe zafin kasko sai suyar ta yi ta ja. Faifai da mafici su kasance kusa da hannunka tun kafin ka ɗora, don idan lokacin saukewa ya zo babu damar tashi nema.

In gawayi ne ka bari ya ruru ya yi ja, harshen wuta ya kwanta, toka ta fara rufe shi. Ka aje wani garwashin a gefe na ƙari. In gaz ne ka sa matsakaiciyar wuta. Ka ɗora kasko haka nan ba komai minti 3 zuwa 5, ka yarfa ɗigon ruwa, in ya yi cuu ya ɓace nan take ya yi zafi, in kuma kaskon da kanshi yana hayaƙi ya wuce, ka sauke ya ɗan huce.

Hattara: kar ka shiga ɗaki da murhun gawayi ka rufe ƙofa don ana sanyi. Iskar gawayi ba ta da wari kuma tana kisa. Yara ma a janye su daga wurin, ƙwarar kafe mai zafi tana tsalle ta fito.

5. Suyar kanta

Ka auna giram 150 zuwa 200, daidai yadda zai rufe gindin kasko ba tare da ya hau kan juna sosai ba. Ka zuba, ka danna agogo, ka fara juyawa, kuma daga nan hannunka ba ya tsayawa sai ka sauke. Ba mai, ba gishiri, ba yashi irin na suyar gyaɗa. Juyawar ba ta gaggawa ba ce, ka riƙa kwaso na gefe kana kawowa tsakiya, na ƙasa yana dawowa sama, lokaci lokaci ka kama kaskon da tsumma ka girgiza.

Minti 4 zuwa 5 na farko ruwan cikinshi ne ke fita. Za ka ga kamar ba abin da ke faruwa, launin yana kwaɗewa daga tsanwa zuwa rawaya, ƙamshin kamar na harawa. Nan ne mutane ke ƙosawa su ƙara wuta, kar ka yi. In ka ga baƙin tabo a gefen ƙwarori tun suna tsanwa, wutarka ta yi yawa, ɗaga kaskon sama kaɗan ko ka rage.

Daga minti 5 zuwa 8 sai ya koma launin ƙasa mai haske, ƙamshin ya juya kamar na burodi a tanda, ɓawon ya fara saki yana yawo a kasko, ka ɗan hura shi da baki ya fita. Ƙwarorin a nan sun yamutse, launinsu ba ɗaya ba, ba su da kyan gani, haka suke kar ka damu.

Wajen minti 8 zuwa 11 za ka ji ƙarar farko, ɗas, ɗas, jefi jefi kamar gugguru ya fara fashewa, sannan ta yi yawa. Tururin da ke cikin ƙwara ne ya fasa ta, zafinta ya kai wajen digiri 196. Wannan ƙara ita ce alamar da duk aikin ya rataya a kanta. Ka duba agogo ka riƙe mintin a ranka, ka rage wuta kaɗan (in gawayi ne ka janye kaskon gefe), amma kar ka kashe ta. Ƙwarorin za su kumbura su yi sumul, hayaƙi ya ƙaru, ƙarar ta ɗauki minti 1 zuwa 2 sannan ta yi shiru. Robusta ƙararshi ba ta kai ta arabika ba, don haka ka kashe rediyo ka daina hira ka sa kunne.

In ka ci gaba, bayan shirun da minti 2 ko 3 sai ƙara ta biyu ta zo, siririya mai sauri, tsat tsat tsat, zafi ya kai wajen digiri 224, hayaƙi ya yi kauri yana shiga ido, mai ya fara tsattsafowa a jikin ƙwara tana ƙyalli. Daga nan zuwa gawayi ba nisa.

Hattara: in ƙarar farko ta zo kafin minti 6 wuta ta yi yawa, baya ya ƙone ciki ɗanye. In minti 15 ya wuce ba ka ji ta ba wuta ta yi kaɗan, kafen zai fito lami ba ƙamshi. Ɓawon da ya taru a bakin murhu kuma yana kama wuta, ka riƙa share shi. In kafen da kanshi ya kama wuta ka kife murfi a kai ka sauke.

6. Yaushe za ka sauke

Nan ne zaɓinka. In ka sauke ƙarar farko tana ƙarewa ka samu suya mai haske, launin ƙasa buɗaɗɗe, tsami da ƙamshin 'ya'yan itace sun fito, ita ta dace da arabika mai kyau na Habasha, sai dai a kasko tana da wuyar samu daidai. In ka ƙara minti 1 zuwa 2 bayan shirun ka samu matsakaiciya, launin ƙasa cikakke, jikin ƙwara a bushe ba mai, tsami ya ragu zaƙi ya fito. In ka bari ƙara ta biyu ta fara ka samu mai duhu, ɗaci da nauyi, wadda ke jure madara da sukari.

Ni shawarata ga mai kasko ita ce matsakaiciya, musamman farko. Robusta yana son a ɗan ƙara mishi har bakin ƙara ta biyu, arabika mai tsada kuwa wallahi asara ce a kai shi can, duk abin da ka biya kuɗi dominshi ya tafi cikin hayaƙi. Wanda ya saba da gahawar Larabawa ta Saudiyya mai launin rawaya, ita tun kafin ƙarar farko ko tana farawa ake sauke ta, kuma dafa ta ake da kayan ƙamshi, hanyarta daban ce da wadda nake bayani.

Ka sauke yana ɗan sauran kaɗan ya kai launin da kake so, tunda zafin jikinshi zai ci gaba da soya shi.

7. Sanyayawa

Mutum zai yi suya mai kyau ya ɓata ta a nan. Kana saukewa ka juye a faifai ko gwagwa nan take, kar ka bar shi cikin kasko ko da daƙiƙa 10. Ka riƙa juye shi daga wannan gwagwa zuwa waccan daga sama, iska tana ratsawa tana kwashe ɓawo, ko ka bakace shi a faifai wani yana yi maka fifita, in akwai wuta ka kunna fanka. Cikin minti 4 ya kamata ka iya dumbuza da hannu ba ƙuna. Lokacin bazara da zafi ke wuce digiri 40 gara ka yi suyar da sassafe, da rana sanyayawar tana wuya.

Da ya huce ka sake tsinta. Za ka ga wasu ƙwarori sun ƙi yin duhu, sun tsaya fari fari cikin 'yan uwansu, waɗannan ba su nuna ba aka tsinko su, ɗanɗanonsu kamar takarda, ka fidda su tare da waɗanda suka ƙone. Amma kafin ka fidda su ka auna. Giram 200 in ya dawo 172 zuwa 176 suya mai haske ce, 168 zuwa 170 matsakaiciya, 164 zuwa ƙasa mai duhu. Ka rubuta nauyi da mintin ƙarar farko da mintin saukewa a littafinka.

Hattara: kar ka yayyafa mishi ruwa don ya huce, kuma kar ka zuba mai zafi a roba ko leda.

8. Hutu da ajiya

Kar ka yanke hukunci a ranar suya. Sabon soyayyen kafe cike yake da iska wadda ke fita a hankali, in ka sha shi a ranar za ka ji hayaƙi da kaifi. Ka zuba a kwalba mai tsabta busasshiya, daren farko ka ɗora murfi ba ka ɗaure ba, washegari ka ɗaure. Bayan kwana 2 ko 3 ya fara daɗi, kuma ka yi ƙoƙari ka shanye cikin sati 2 zuwa 3, da zafin garin nan ba ya wuce haka da ƙamshinshi. Ka aje a wuri mai duhu nesa da murhu da yaji da turaren wuta. Kar ka sa a firji, yana shan wari da danshi. Ɗanyen shi ne ke jure ajiya, wata da watanni har shekara cikin buhun yadi a wuri busasshe, don haka ka riƙa soya na sati ɗaya ko biyu kawai.

9. Daka

Iya wanda za ka sha za ka daka, garin kafe ƙamshinshi na gudu cikin ɗan lokaci. Ƙaramin turmi ya isa amma ya zama nashi shi kaɗai, turmin da ya ga daddawa ko tattasai ko an wanke sai ka ji su a kofi. Kar ka kai injin niƙa na unguwa saboda wannan dalili. Domin ɗanɗanawa ka daka shi ya yi kamar tsaki mai ɗan laushi, ba gari ba.

10. Ɗanɗanawa

Kafin ruwa ma akwai gwaji ɗaya. Ka ɗauki ƙwara ka danna ta da babban yatsa a kan faifai ko ka ciza. In ta fashe ƙaras kuma launin ciki da na baya ɗaya ne, suya ta ratsa. In ta yi tauri kuma cikinta ya fi bayanta haske sosai, ba ta nuna ba. In ta murmushe ta bar mai da baƙi a yatsa, ta wuce.

Sai ka jera kofi 2 ko 3 masu faɗin baki, kowane da suya daban, domin kofi ɗaya shi kaɗai ba ya koya wa harshe komai, sai an gwada da wani. Masu sana'ar suna sa giram 8.25 a ruwa mililita 150, a gida ka sa giram 10 (cokalin cin abinci 2 ba tsororo) a ruwa mililita 180. Ka fara shinshina garin a bushe. Ka tafasa ruwa mai daɗin sha wanda ba kanwa kanwa ba, ka sauke ya yi kamar rabin minti, ka zuba har ya jiƙa garin duka, kar ka juya. Garin zai taso ya yi ɓawo a sama, ka bar shi minti 4. Sannan ka kai hancinka dab da kofin ka tura ɓawon baya da cokali sau 3, ƙamshin da ke tasowa a wannan lokacin shi ne mafi ƙarfi da za ka ji. Ka kwashe kumfar sama ka zubar, ka jira kamar minti 5 ya ɗan huce.

Ka ɗebo a cokali ka zuƙa da ƙarfi har ya yi ƙara, ya watsu a baki duka. Ba sukari, ba madara, ba citta, waɗannan sai bayan ka gama hukunci. Ka ɗauraye cokali tsakanin kofi da kofi. Abubuwan da kake nema, tsamin mai daɗi ne irin na zoɓo ko tsamiya ko kuwa mai kashe haƙori ne, akwai ɗan zaƙi a ƙarƙashi irin na dabino ko rake, ruwan yana da nauyi a harshe ko salam yake, kuma bayan ka haɗiye me ya rage a maƙogwaro. Ka sake ɗanɗanawa in ya yi ɗumi ɗumi, ka sake in ya huce sarai. Kafe mai kyau yana ƙara zaƙi in ya huce, mara kyau kuma a nan aibinshi ke fitowa fili.

Ga yadda za ka karanta abin da ka ji. Ɗanɗanon ciyawa ko ɗanyen wake da tsami mai kaifi, ka sauke da wuri, gaba ka ƙara minti 1 bayan ƙarar farko. Ɗaci da toka, ka daɗe, gaba ka rage. Tsami da ƙuna a haɗe cikin kofi ɗaya, wuta ta yi yawa ko juyawa ta yi kaɗan, wannan shi ne ciwon kasko da aka fi gani. Lami kamar busasshen burodi, wuta ta yi sanyi suyar ta ja. Warin ƙasa ko fumfuna ko ruɓaɓɓen abu kuwa ba laifin hannunka ba ne, daga buhu ya zo, ka sake mai sayarwa. Robusta ko ka soya shi daidai za ka ji ɗaci da ƙamshin itace da na soyayyen hatsi, halinshi ne, kar ka nemi tsamin arabika a wurinshi.

Hattara: in kana ɗanɗana kofi da yawa ka riƙa tofarwa, kuma ka yi shi da safe. Mai hawan jini da mai juna biyu su yi kaɗan kaɗan, musamman da robusta.

Suya ta gaba abu ɗaya tak za ka canza, ko ƙarfin wuta ko mintin saukewa, yawan kafen da kaskon da murhun su zauna yadda suke. Ka rage ɗan na farkon a kwalba, bayan kwana 3 ka jera su biyu ka zuba musu ruwa tare, ka rubuta wanda ya fi a gefen mintocinshi.